Littattafan kakanmu sun lalace a cikin akwati: ina aka yi kuskure, kuma me za a iya cetowa?

Jikan Malam ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin adana littattafai da tsofaffin takardu, domin abin da na tarar a gidanmu makon jiya ya hana ni sukuni. Kakanmu, Allah ya jiƙansa, malami ne a cikin birni, ya shekara da shekaru yana karantarwa a zaurensa, kuma da ya rasu ya bar akwatunan ƙarfe biyu da adakar katako ɗaya cike da littattafai. Bayan sadakar arba'in aka kwashe su daga zaure aka kai wani ɗakin soro da ba mai kwana a ciki, aka jingine su da bango, aka sa wa ƙofa kwaɗo, kowa a gidan yana ganin an yi abin da ya dace. Yau kusan shekara 20 ke nan, kuma ban san an buɗe su fiye da sau uku ba.

A markar bana indararon ɗakin ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soron ya riƙa tsattsafowa ta bango ba tare da kowa ya lura ba. Da na ɗaga murfin adakar, warin danshi ne ya fara tarye ni. Gara ta shigo ta ƙasa, ta yi hanya ta cikin littattafai bakwai, ta bar jar ƙasa a gurbin da rubutu yake. Akwatunan ƙarfen kuwa gara ba ta shiga ba, amma warƙoƙi da dama sun manne da juna, fumfuna ta rufe na gefe, tsatsar ƙasan akwatin kuma ta hau kan na can ƙarƙashi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, littattafan rubutun hannu waɗanda aka ce wasu kakanmu ma gadonsu ya yi, takardarsu tana nan da ƙwarinta duk inda ruwa bai taɓa ba, alhali littattafan ɗab'i na shekarun 1960 da 1970 da kuma tarin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ya adana sun yi ja, suna kakkaryewa a hannu kamar busasshen ganye. Wata warƙar ma idan aka ɗaga ta aka haska da rana, ana ganin jinjirin wata guda uku a jere a cikin jikinta. Akwai kuma wasu wasiƙu da kawunmu ya lilliƙe da salatif tun da daɗewa, yanzu wurin ya zama ruwan kasa, rubutun ba ya karantuwa.

'Yan'uwa sun kawo shawarwari iri-iri. Wani ya ce a shanya su a rana kwana biyu, wani ya ce a fesa musu fiya-fiya, yayarmu ta ce a kai masu muhimmancin shago a rufe su da roba kamar yadda ake yi wa takardun shaidar makaranta, sauran kuma a ɗaure a leda. Na dakatar da kowa har sai na ji daga bakin waɗanda suka san aikin. Me ya kamata mu fara yi, kuma me ya sa tsofaffin suka fi sababbin jurewa?

Ma'aikacin Ɗakin Karatu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam Jikan Malam, Allah ya jiƙan kakanku, kuma ka yi daidai da ka dakatar da kowa, domin duk shawarwarin nan huɗu, tare da kyakkyawar niyyar waɗanda suka kawo su, za su ƙara ɓarna ne a kan wadda ruwa da gara suka yi. A shekarun da na yi ina aiki da tsofaffin takardu, abin da na ga hannun mai gyara ya lalata bai gaza abin da ƙwari suka ci ba.

Bari in fara da tambayarka ta biyu, don ita ce za ta haska sauran. Takardar nan mai jinjirin wata uku ta Italiya ce, daga masana'antun arewa maso gabashin ƙasar, kuma waɗanda suka fi shahara a kanta su ne na gidan Galvani da ke Pordenone. Fatake suna ɗauko ta daga Tarabulus su ƙetaro Sahara da ita har Kano, inda Larabawan Gadamas da na Tarabulus suke da mazauni a Dandalin Turawa, daga nan ta shiga Kasuwar Kurmi ta kai hannun malamai. Da tsummoki ake yin mafi yawan irinta, na lilin da auduga, zarenta dogo ne, kuma sinadarin asid ɗin da ke cikinta kaɗan ne. Daga tsakiyar ƙarni na 19 ne masana'antu suka koma niƙa itace, suna kuma haɗa takardar da alif da ƙaron itace don kada tawada ta bazu. Wannan haɗin yana haifar da asid a jikin takardar kanta, niƙaƙƙen itacen kuma yana ɗauke da wani sinadari mai suna liginin wanda haske da iska suke mayar da shi ja. Takardar jarida ita ce mafi arha a cikinsu, don haka ita ce mafi saurin mutuwa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, kuma duk wanda ya taɓa riƙe tsofaffin bugunta ya san yadda gefensu yake zubewa. Ciwon yana cikin takardar tun daga masana'anta, zafi da danshi su ne suke hanzarta shi.

Yanayin Kano kuwa bai da sassauci ga takarda. A watan Agusta danshin iska yakan haura kashi 70 cikin 100, da hunturu ya sauko ƙasa da kashi 20, a watan Afrilu kuma zafi ya kai digiri 40. Takarda da fata suna shan danshi su kumbura, su fitar da shi su tsuke, kuma wannan kai-da-komo na kowace shekara shi ne yake sa warƙa ta lanƙwashe, fata ta tsattsage. Fumfuna tana samun rayuwa da zarar danshi ya zauna sama da kashi 65, kuma jiƙaƙƙiyar takarda tana iya fara yin ta cikin kwana biyu. Masana adana kayan tarihi suna ƙiyasta cewa duk ƙarin zafi na kimanin digiri 5 yana rage wa takarda mai asid rabin kwananta. To, ka duba akwatin ƙarfe a rufaffen ɗaki, jingine da bango mai jiƙewa: da rana ya ɗau zafi, da dare ya huce, danshin da ke ciki ya zama raɓa a jikin ƙarfen, ba kuma hanyar da zai fita. Ya tsare littattafan daga gara da ɓera, wannan gaskiya ne, amma ya tsare danshin tare da su. Leda ma haka take yi, har ta fi muni.

Rana tana kashe fumfunar da ke sama, amma tana dusashe tawada, musamman ja da rawaya da ake yi wa wasali da ado, kuma tana busar da warƙa da gaggawa har ta kwankwatse. Fiya-fiya da sauran maganin ƙwari na fesawa suna da mai a jikinsu, suna barin tabon da ba ya fita, sannan su bar guba ga duk wanda zai riƙe littafin nan gaba. Rufewa da roba ita ce na fi roƙonka a kanta, ka faɗa wa Yaya cikin ladabi cewa a bar wannan maganar gaba ɗaya. Injin yana gasa takardar da zafi, yana narka mata gam a cikin zarenta, kuma da zarar an yi shi ke nan, ba a warwarewa. Manyan taskokin tarihi a Amurka sun yi ta rufe takardunsu da wata irin roba tun daga shekarun 1930, daga baya suka daina, suka koma kashe kuɗi wajen neman hanyar cire ta. Garin neman gira ne ake rasa ido.

Ga abin da za ka fara yi. Kafin ka motsa komai, ɗauki hoton kowane akwati yadda yake, domin jerin da kakanku ya yi wa littattafansa shi ma bayani ne. Sannan ka fitar da su ɗauri-ɗauri, ka sa katako ko kwali mai ƙwari a ƙarƙashi ka ɗago, kada ka kama ta gefe. Ka ware waɗanda gara ta taɓa da masu fumfuna a ɗaki dabam. Masu sauran danshi ka shimfiɗa su a inuwa a kan farin ƙyalle mai tsabta, a ɗakin da iska take ratsawa, fanka tana juyawa a hankali ba tare da ta fuskance su kai tsaye ba, ka ɗora ɗan abu mai nauyi a gefe don kada warƙoƙi su tashi su cuɗe. Fumfuna ba a goge ta tana ɗanya, sai ta bushe ta zama gari, sannan a fita da littafin tsakar gida a share ta da burushi mai laushi daga tsakiya zuwa gefe, kana sanye da takunkumi, kuma kada mai asma ko ƙaramin yaro ya tsaya kusa.

Gara kuwa gidanta yana cikin ƙasa da bango, saboda haka ɗakin ne yake buƙatar magani, littattafan kuma nesa da shi. Idan ka ga ƙananan huji masu zagaye da gari-gari a bakinsu, ko ka ga asu yana gudu tsakanin warƙoƙi, ƙwarin suna cikin littafin. Maganin da ake yi musu shi ne a ɗaure busasshen littafin a leda sosai a sa a firiza mai sanyin digiri 18 zuwa 20 ƙasa da sifili na mako guda, a fitar a bar shi kwana ɗaya kafin a kwance ledar. Sai dai wannan yana buƙatar wutar da ba ta yankewa, domin narkewa da sake daskarewa ɓarna ce, kuma ba zan so a gwada shi da farko a kan warƙoƙi masu ado da launuka ba.

Tsohon Marubuci ya amsa:

Salamu alaikum. Ɗana Jikan Malam, Allah ya yi maka albarka da ka damu da abin da kakanka ya bari. Jikana ne yake rubuta mini wannan ina faɗa masa. Na karanta bayanin Malam Ma'aikacin Ɗakin Karatu, na kuma ƙaru, domin ni na yi rubutu a kan takarda mai kauri da marar kauri shekara da shekaru ban san dalilin bambancinsu ba. Zan ƙara abin da na gani da idona a zaurukan malamai.

Kuskurenku na farko bai faru a markar bana ba, ya faru ranar da aka sa wa ɗakin nan kwaɗo. Littafin da ake karantawa gara ba ta samun sa, domin duk safiya ana ɗauko shi, ana kaɗe shi, iska tana ratsa shi, idan ƙwaro ya shiga a ranar za a gani. Malamanmu ba su ajiye littafi a ƙasa. Warƙoƙin suna tsakanin tadarishi, wato bangon littafi, a naɗe da tsirkiyar fata, a zura a gafaka, gafakar kuma a rataye a bango nesa da ƙasa, ko a ɗora a kan gado. Malamina, Allah ya kyauta makwancinsa, da damina ta ja baya yakan sa mu fito da duk littattafansa inuwar zaure, mu buɗe su ɗaya bayan ɗaya, yana zaune yana kallo. Mu a lokacin muna ɗauka aiki ne kawai yake ba mu.

Game da hannu kuma, akwai abubuwan da na ga sun ci littattafai a hankali. Mutum ya idar da alwala, hannunsa da sauran ruwa, ya ɗauki Alƙur'ani rubutun hannu don girmamawa, tawadar gawayi da ƙaro kuwa ruwa kaɗan take jira ta narke, don haka ne ma ake wanke allo da sauƙi. Wani ya lashi yatsa ya juya warƙa, bakinsa da goro, kusurwar ta yi ja ta yi laushi har ta gutsure. Wani ya shafa mai da hunturu ya dafa tsakiyar shafi. Tawadar da ake dafawa da bagaruwa da ƙarfe ba ta gudu da ruwa kamar ta gawayi, amma idan ta yi ƙarfi kuma ta samu danshi ita take cin takardar, har ka ɗaga warƙa ka ga haruffan sun zama huji. Irin wannan ba a lanƙwasa ta ko kaɗan.

Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan. Littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, falle-falle suke, kuma ba mu sa musu lamba. Abin da yake riƙe jerinsu shi ne kalmar da marubuci yake sawa a can ƙasan warƙa, wadda ita ce kalmar farko ta warƙa mai zuwa. Idan gara ta cinye ƙasan, ko gefen ya zube, ko yara suka cuɗe ɗauri biyu wajen shanya, to littafin ya watse ko da kowace warƙa tana nan. Warƙar farko da ta ƙarshe su ne suka fi shan wahala, su ne suke gogar tadarishi, kuma a ta ƙarshen ne marubuci yake sa sunansa da na malaminsa da na mai littafin, wani lokaci har da rana da wata. Idan ta ɓace, littafin ya zama maraya. Ka duba gefunan shafi ma da kyau, domin a nan ne malamai suke rubuta fassarar kalmomi da ajami da bayanin da suka ji daga bakin malamansu, kuma sau da yawa wannan ba ya cikin kowane littafi sai wannan.

Na halarci rabon gado inda aka raba littafi ɗaya gida uku don kowa ya samu tubarraki, na yi magana ba a ji ba. Na kuma ga an tara gutsattsarin da gara ta bari an ƙone don kada sunan Allah ya wulaƙanta. Niyyar tana da kyau, amma kada ku yi haka sai wanda ya iya karatun ya duba, domin gutsure mai faɗin tafin hannu yana iya ɗauke da sunan marubucin. Ku tara su a ambulan, na kowane littafi dabam.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Rajista ta amsa:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, maganarka a kan kwaɗo ta taɓa ni, domin abin da na gani ke nan a aikin gwamnati. Na yi shekaru a ɗakin ajiye fayil na wata ma'aikata a nan Kano kafin in yi ritaya, kuma ina so Jikan Malam ya san cewa wasiƙu da takardun gida da na gona da na sani ba za a rasa a cikin akwatunan nan ba, suna da irin tasu cutar.

Ƙarfe ne babban abokin gabarsu. Fil da kilif da ƙusar sitefila suna yin tsatsa da damina, tsatsar ta ci takardar ta bar rami, kuma kusan kullum a kusurwar sama take, inda lambar wasiƙa da kwanan wata suke. Robar ɗaure kuɗi tana narkewa da zafi ta manne, ko ta bushe ta yanke gefen takardu. Fayil idan aka cika shi fiye da ƙima, gefen takardun yana leƙowa waje, masinja ya rungumo goma a ƙirji ya zube a kan tebur, kullum ana gutsurar kaɗan. Takardar da aka ninke huɗu aka adana, a kan ninkin take rabewa. Rasit na zamani mai santsi da injin yake bugawa da zafi kuwa, shekara kaɗan ya isa ya koma fari fat, don haka duk mai irinsa a kan wani ciniki mai muhimmanci ya yi masa kwafi tun yau.

Lokacin da aka canza mana ofis, an kwashe tsofaffin fayiloli a bayan tifa kamar yashi, aka jibge su a ƙarƙashin matakala a kan siminti, da alkawarin za a kawo kanta. Bututun banɗakin sama ya riƙa ɗiga a kansu wata da watanni. Ranar da wani dattijo ya zo neman takardar da za ta tabbatar masa da shekarun aikinsa don fanshonsa, ni na shiga na nemo fayil ɗin, na same shi ya zama dunƙule ɗaya kamar tubali. Har yau ina tuna yadda ya karɓa ya jujjuya shi, ya miƙo mini bai ce komai ba. Ba wanda ya yi niyyar cutar da shi, kowa dai ya ɗauka ajiya ita ce a samu inda za a tura abu a rufe ƙofa.

Shawarata, ɗana, ka zare duk wani ƙarfe da roba a hankali, ka sa kowace wasiƙa a miƙe a cikin farar takarda da aka ninka biyu, ka rubuta bayaninta a jikin farar da fensir. Biro da maka kada su kusanci wurin. Ka buɗe littafin rajista ka rubuta abin da kowane ɗauri ya ƙunsa da adadin warƙoƙinsa, domin abin da ba a ƙirga ba, ba a sanin ya ɓace. Kada ka kai su shagon fotokwafi a danne su da murfin inji. Wayarka ta isa: ka shimfiɗa warƙa a kan baƙin ƙyalle kusa da taga, ka kashe fitilar kyamara, ka ɗauki gaba da baya har da gefuna, a jere yadda ka same su. Hotunan kuma kada su zauna a waya ɗaya, ka raba wa 'yan'uwa biyu ko uku, ka ajiye wani a intanet. Duk mai son karantawa daga baya a ba shi hoton, asalin ya huta.

Jikan Malam ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Baba Tsohon Marubuci, na karanta wa iyayenmu maganarka a kan rabon gado, kuma an amince ba za a raba littattafan ba. Mun fitar da komai zuwa ɗakin da ke da tagogi biyu, mun ƙirga ɗauri 64, daga ciki 41 rubutun hannu ne. Hajiya, na samu takardun gida kamar yadda kika ce, kuma fil ya riga ya huda biyu daga ciki.

Saura abu uku. Akwai ɗauri huɗu da warƙoƙinsu suka manne, na gwada ɗaga guda ɗaya da bakin wuƙa na ga tawada tana biyo ɗayan shafin, sai na bari. Wani ya ce a kara su a tururin ruwan zafi. Na biyu, yaya za a yi da salatif ɗin da ke jikin wasiƙun? Na uku, wasu daga cikinmu suna ganin a miƙa littattafan ga wata cibiya, wasu kuma suna ganin barinsu gidan kamar rabuwa da kakanmu ne karo na biyu.

Ma'aikacin Ɗakin Karatu ya sake amsawa:

Madalla da ka tsaya a warƙa ɗaya. Kada a yi tururin, domin ƙaron da ke cikin tawadar shi ne ya jiƙa ya zama gam ya haɗa shafukan, tururi kuma zai sake narka shi ya kwashe rubutun gaba ɗaya. Masu gyaran takarda suna raba irin wannan ta hanyar ba shi danshi kaɗan-kaɗan a rufaffen wuri suna dubawa, da siririn abin ɗagawa, kuma warƙa ɗaya tana iya cin yini. Ɗauri huɗun nan ka naɗe su yadda suke, ka rubuta a jiki cewa a manne suke. Matuƙar sun bushe, za su iya jiran gwani shekaru ba tare da sun ƙara lalacewa ba.

Salatif ɗin da ya bushe har ledarsa tana ɗagowa da kanta, ka bar ta ta faɗo, amma ka duba ko ta ɗauko tawada, in ta ɗauko ka adana ta tare da wasiƙar. Wanda yake da sauran danƙo kada ka ja, kada kuma ka sa masa fetur ko kananzir, ka sa farar takarda tsakaninsa da maƙwabciyarsa kawai. Tabon ruwan kasar ya riga ya shiga zaren takardar. Gyaran yagewa na ƙwarai ana yin sa ne da kunun sitacin alkama da wata siririyar takardar Japan, saboda idan an so cirewa ɗan danshi ya isa, kuma wannan shi ne ma'aunin duk wani gyara da za a kawo maka: ka tambaya ko ana iya warware shi.

Wajen mayar da su ajiya, kwali marar asid yana da wuyar samu a kasuwanninmu, don haka ka sayi farin yadin auduga, a wanke shi sosai har sitacinsa ya fita, a naɗe kowane ɗauri bayan an sa shi tsakanin allunan kwali biyu da suka ɗan fi warƙoƙin faɗi, da farar takarda tsakanin kwalin da rubutun. A kwantar da su, kada a tsayar, kuma kada a ɗora fiye da uku ko huɗu a kan juna. Jaridun a ware su dabam, domin asid ɗinsu yana hawa kan duk takardar da ta jingina da su. Kantar ta ɗaga daga ƙasa aƙalla taƙi ɗaya, ta bar tazara tsakaninta da bango, a ɗakin da mutane suke shiga kullum, ba kusa da kicin ko banɗaki ba. Safar hannu ba dole ba ce, hannu wankakke busasshe ya fi ta, don mai safa ba ya jin kaurin warƙa.

Maganar miƙawa kuwa ta iyali ce, ni dai zan faɗi abin da ke akwai. A nan Kano akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, akwai sashen rubuce-rubucen hannu a ɗakin karatu na Jami'ar Bayero, a Kaduna akwai Gidan Arewa da aka kafa a 1970 da kuma Taskar Tarihi ta Ƙasa. Littattafan Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwar Kano da ya rasu a 1962, sama da guda 3,000, suna Jami'ar Northwestern a Amurka, sun tsira a haɗe kuma masu bincike suna amfana da su, sai dai ɗalibin Kano ba ya isa gare su da ƙafarsa. A Tumbuktu kuma, lokacin da aka ƙone wasu littattafai a Cibiyar Ahmad Baba a watan Janairun 2013, akasarin na iyalai an riga an kwashe su zuwa Bamako, inda danshin garin ya zama sabuwar barazana gare su. Sauya wuri kaɗai ba ya ceton takarda, sai an duba ɗakin da za ta shiga. Duk inda kuka yi niyya, ku je da kanku ku ga ɗakin a cikin damina, ku duba rufinsa da kantocinsa, ku tambayi wanda yake riƙe da makulli, ku kuma rubuta yarjejeniya ko kyauta ce ko ajiya. Kuna ma iya barin littattafan a gida ku nemi a zo a ɗauki hotonsu a rubuta sunayensu, wanda nake ganin zai fi kwantar wa iyayenku hankali a yanzu.

Idan ka samu dama, ka sa mana hoton warƙar ƙarshe ta biyu ko uku daga cikin 41 ɗin nan, Baba Tsohon Marubuci ya duba mana ko akwai sunan marubuci da shekara, sai mu san waɗanda za a fara ɗaukar hotonsu. Indararon kuma a gyara shi kafin watan Mayu, ko da littattafan ba za su koma ɗakin ba.